Keken Ƙarshe da Baba Ya Gwada

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin su dawo. Amma ranar da na sa mahaifina ya hau keke a kasuwar Makarfi, ita kam ba na jin za ta bar ni har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun shuɗe, gemuna ya fara furfura, amma har yanzu in na wuce rumfar mai gyaran keke na ji ƙarar sifana a jikin ƙarfe, sai ranar ta dawo mini sabuwa fil.

Gara in faɗi tun yanzu abin da ni ban sani ba a ranar. Idanun Baba mutuwa suke yi. Na hagu ya riga ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma abin da ke gabansa sak kawai yake gani, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa, gefe da gefe duk duhu ne. Ya ɓoye wa kowa in ban da Inna, mahaifiyata, ita ma sai da ya sa ta yi masa alkawarin yin shiru. Dalilinsa ɗaya ne. Ya san ranar da gari ya ji cewa mai gyara ba ya gani, ranar sana'arsa ta ƙare, shi kuwa ba shi da abin da ya kai masa wannan sana'a a duniya.

Baba mai gyaran keke ne. Ya fi shekara arba'in a gindin wata tsamiya a bakin ƙauyenmu, kan hanyar da ta bi ta Furana ta fita Ikara. Yana da gona kamar kowa, amma ba da ita aka san shi ba. A yankinmu akwai wata al'ada da ban san wanda ya kafa ta ba: duk mai son sayen keke, sabo ko na hannu, sai ya ɗauki Baba sun tafi kasuwa tare. Zai duba keken tun daga sirdi har taya, sannan ya tattare rigarsa ya hau, ya je ƙarshen layi ya dawo. In ya sauka ya ce "ya yi," sai a biya. In ya sauka ya kaɗe hannu bai ce komai ba, to ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ladansa a kan wannan bai wuce goro ba. Shi ne kuma ya koya wa rabin garin hawan keke, kuma karatunsa na farko bai taɓa canzawa ba: birkin hagu na tayar baya ne, na dama na tayar gaba. In abu ya taso maka, hagu za ka fara kamawa, don wanda ya fara kama na gaba da haƙoransa zai tsaya.

Ni ne ɗansa na fari, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai" ne ko "wancan." Da na gama makarantar koyon aikin lafiya aka turo ni ƙaramin asibitin yankinmu, sai ya samu mafita, ya bi 'yan gari yana ce mini Likita. Ba ma zama tabarma ɗaya, ba ma cin abinci kwano ɗaya. Da safe in durƙusa daga nesa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wajen, in tashi in kama gabana. Ƙannena da suka saba zaman hira da shi duk sun watse, mata sun yi aure, maza suna Zariya da Kano wajen neman abinci. Ban taɓa ɗaukar halin Baba a matsayin rashin so ba, na san kunya ce irin ta iyayenmu. Amma ita ce ta sa na shekara biyu, tun da ciwon idon ya kama shi, ina gaishe da mutum kullum ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba.

Aikina shi ne in goya akwatin allurar rigakafi, mai ƙanƙara a ciki, in bi ƙauyuka da rugage. Da babur nake yi, sai mai ya yi tashin gwauron zabi, na jingine shi a zaure na koma kan tsohon baƙin keken gidanmu. Keke ne mai amana, amma ba don irin hanyoyina aka ƙera shi ba. Burtali ne, da gefen kunyar gona, da kwazazzabo, da yashin rafi, da fadamar rake wadda in damina ta sauka laka take kama taya har ta ƙi juyawa. Sau nawa nake saɓa shi a kafaɗa, ni da ya kamata ya ɗauka. Akwai ranar da na isa wata ruga na tarar mata sun jeru da jarirai tun safe, na buɗe akwati na ga ƙanƙara ta zama ruwa. Haka na ba su haƙuri na juyo ban yi wa ko yaro ɗaya allura ba. A hanyar dawowa na ƙudura a raina cewa damina mai zuwa ba za ta same ni a kan wannan keken ba.

Na taɓa haɗuwa da wani malamin gona daga wajen Hunkuyi a kan irin keken nan mai giya, mai tayoyi masu kauri, yana haye tudun da ni sai na sauka na tura. Tun daga ranar abin ya shiga raina. Na dinga kallon bidiyo a waya, Turawa suna gangarowa daga duwatsu suna bayanin wane keke ya fi wane. Cikin wata biyu na zama shehin malami a kan keke, ni da ɗan mai gyara ne amma ban taɓa mayar da sarƙa da hannuna ba. Allah ya yi ni da gaggawa da son a ce na sani, kuma a lokacin ban ɗauki ko ɗaya a cikinsu aibi ba.

Da na tara abin da zan tara, wata safiya bayan gaisuwa sai na ce, "Baba, ina so ran kasuwar Makarfi mu je ka duba mini keke. Irin mai giyar nan."

Ya ce, "Waɗannan na zamani ban san kansu ba, Likita. Ka nemi wani ku je."

Na ɗauka kara ce irin ta manya, so yake a ƙara roƙonsa. Na ce, "In na sayi keke ba ka gani ba, me mutanen gari za su ce? Na kowa ka duba, sai nawa?"

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ina fita Inna ta biyo ni zaure. Ta ce, "Ba za ka bar shi ya huta ba? Ka ga zafin da ake yi." Na yi dariya na ce mutumin da ke wuni a gindin tsamiya yana dukan ƙarfe wane zafi ne zai dame shi. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta gyara mayafinta ta koma ciki.

Bazara ce, irin wadda tun hantsi riga take manne wa mutum a baya. Daga Ikara muka shiga mota. Da muka sauka a Makarfi na ja gefe don Baba ya wuce gaba kamar yadda aka saba, sai ya ce, "Wuce, Likita, ina biye." Wallahi sai da na ji kaina ya ɗan kumbura. Na ce a raina yau Baba ya yarda na girma. Ashe farar rigata yake bi a cikin cunkoso, ita ce abin da idonsa zai iya riƙewa.

Mai kekunan wani mutum ne sa'ana, daga Zariya yake kawo su ranar kasuwa ya jera a jikin wata katanga a gefen kasuwar. Na hannu ne da aka shigo da su daga ƙasashen Turawa, waɗanda ake ce wa 'yan Beljiyam. Muka gaisa, na nuna guda uku da suka kwanta mini, ya fito da su fili. Baba ya ciro ƙaramar sifanarsa daga aljihu ya tsuguna.

Na farko ja ne, sai ƙyalli yake, da shokozoba mai rage jijjiga gaba da baya. Shi raina ya fi so. Baba ya dafa sirdin ya danna, keken ya lotsa ya taso. Ya sake dannawa. Ya ce, "Wannan ƙarfinka zai riƙa sha. Kana taka feda yana rawa, rabin wahalarka a banza. Kuma duk inda abu ke motsi, nan yake fara lalacewa." Na so in kawo masa abin da na ji a bidiyo, amma ya riga ya matsa gaba.

Na biyu tayoyinsa manya ne ƙwarai. Baba ya bi da'irar tayar da tafin hannu, ya auna ta da taƙi, ya ce wa mai kekunan, "Ɗana, in ta fashe masa a bayan gari, wa ke da irin tib ɗinta a Ikara?" Mutumin ya sosa ƙeya ya ce gaskiya sai an zo Zariya. Baba ya bar shi ya wuce.

Na uku kore ne da ya koɗe, duk jikinsa ƙarce, shokozoba a gaba kawai. Baba ya ɗaga shi da hannu ɗaya, na ga fuskarsa ta canza. Ya ƙwanƙwasa jikinsa da sifana ya kasa kunne. Ya ce, "Wannan ba baƙin ƙarfe ba ne."

Na yi caraf na ce, "Alminiyam ne, Baba, shi ya sa ba nauyi."

Ya ce, "In ya karye ba mai yi maka waldarsa a nan. Sai mu tabbata ba shi da niyyar karyewa."

Daga nan ya shiga aiki. Ya bi kowace mahaɗa da ɗan yatsa yana neman tsaga. Ya kifa keken, ya juya taya ya kai kunnensa kusa da ita har ta tsaya don kanta. Ya taɓa haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya yana jin ko sun cinye. Hannunsa ya kai kan wani faifan ƙarfe a tsakiyar tayar, ya tambaya mene ne. Mai kekunan ya ce birki ne, faifan yake kamawa maimakon bakin taya, shi ya sa ko a cikin laka ba ya sulɓi. Baba ya ɗan yi murmushi ya ce, "Sun yi dabara." Duk wannan abin da hannu da kunne yake yi, kansa a karkace gefe ɗaya. Ni kuwa ina tsaye a kansa ina kallo, na ɗauka ƙwarewa ce ta kai shi inda ba ya bukatar ido.

Sai dai abin ya ja lokaci. Mun fi awa guda a wurin, rana ta take, masu wucewa sun fara tsayawa kallo. Mai kekunan ya ce cikin raha, "Baba, ko saniya ake saye ai da yanzu an sallama." Mutane suka yi dariya. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma ni sai na ji kamar ni ake wa. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: kunyar ubana na ji. Na dube shi tsugune cikin tsohuwar riga yana shafa keke kamar mai neman allura a ƙasa, na ji ina ma ni kaɗai na zo.

A lokacin ya mayar da keken kan tayoyinsa, ya matse birki biyun tare ya ji suna kamawa. Sai ya ɗora yatsunsa a kan wayar da ta fito daga birkin hagu, ya fara binta a hankali don ya ji inda ta nufa. Mai ido kallo ɗaya zai yi mata ya gane. Shi kuwa sai ya bi ta da hannu har ƙarshe, kuma saura kaɗan ya kai.

Na ce, "Baba, rana tana yi. Waya ce kawai, lafiyarta ƙalau, ga ta nan kowa yana gani. Ka hau ka gwada mu tafi."

Ya janye hannunsa daga kan wayar. Ya miƙe a hankali ya ce, "Kai za ka riƙa hawa, Likita. Kai ka gwada."

Sau biyu ke nan yana neman hanyar fita, sau biyu ina tare masa. Na ɗaga murya yadda na kusa za su ji, na ce, "Haba Baba, yaushe aka taɓa sayen keke a garinmu ba ka hau ba?" Na juya wajen mai kekunan ina yi masa burga, na ce Baba shekara arba'in ya yi yana wannan aikin.

Mutumin ya ce, "Malam, bar tsoho ya huta. Wannan ba irin baƙin dokinsu na da ba ne."

Da wannan maganar aka rufe masa ƙofa. Baba bai dubi kowa ba. Ya sassauta sirdi ya yi ƙasa da shi, ya tattare rigarsa, ya yi bismilla ya hau.

Layin miƙaƙƙe ne, tsakanin katanga da rumfunan masu buhu. Ya tafi sumul, bayansa a miƙe, har na ji ya canza giya sau biyu kamar wanda ya tashi da ita. Ya kai ƙarshe ya yi kwana ya juyo. Na ji wani daga cikin masu kallo ya ce tsohon nan gwani ne, na ji daɗi har cikin raina. Yana tafe ya kusa rabin hanya, sai ga mai baro ya fito daga wani lungu ta hagunsa, ya lodo rake har ya fi shi tsawo. Kowa ya gan shi. Ni ma na gan shi tun daga nesa, ban ko damu ba, don akwai filin da za a kauce. Amma Baba bai kauce ba, bai rage gudu ba, sai da mai baron ya yi ihu a daf da shi.

Ya yi abin da ya shekara arba'in yana koya wa mutane, ya damƙe birkin hagu. Tayar gaba ta tsaya cak, ta baya ta tashi sama, Baba ya wuce ta saman kan keken ya faɗi a kan hannunsa na dama.

Ban san yadda na isa wurin ba. Na tarar har ya tashi zaune, ya rungume hannun a ƙirji, goshinsa yana jini. Kallo ɗaya na yi wa wuyan hannun na san ya karye. Mutane suka kewaye mu ana ta sannu, mai baron yana rantsuwa yana cewa ya ɗauka tsohon ya gan shi. Baba bai yi ko nishi ba. Abin da ya dame shi kansa ne da ke a buɗe a gaban jama'a, sai ya miƙa hannun hagu yana neman hularsa.

Hular tana nan a gefensa, fara sol a kan jar ƙasa, tsakar rana, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Ya shafa ƙasa gabanta, ya shafa bayanta. Ya juya fuskarsa ta wajen, idonsa ya bi ta kanta ya wuce. Ya ci gaba da lalube.

A nan na gane. Komai ya zo mini lokaci ɗaya, da "wuce, ina biye" ɗin da ya ce mini, da karkata kai, da fuskar Inna a zaure. Na ɗauki hular na sa masa a kai da hannuna, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na durƙusa daf da shi na dubi idanunsa. Na ce a hankali, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "Ba a nan ba."

Mai kekunan ya iso yana cewa a bar maganar ciniki, a kai tsoho asibiti. Sai Baba ya ɗago kai ta inda ya ji muryarsa, ya ce da ƙarfin da kowa zai ji, "Keken ya yi. Birkinsa ne a juye, hagu ne na gaba. Laifina ne da ban bi wayar ba. Likita, biya shi."

Bai ce ni na hana shi bin wayar ba. Har ya bar duniya ban taɓa jin ya faɗa wa kowa haka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Daga baya na samu labarin cewa a wasu ƙasashen haka suke ɗaura birkinsu, akasin namu. Duk bidiyon da na ƙare kuɗin kati a kansu, ban tsinci wannan ba.

Aka ɗaure hannun a asibiti. Bayan kwana biyu na kai shi Zariya wajen likitan ido. Ya duba ya daɗe, sannan ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ya tafi, sai dai a ba shi maganin ɗigawa a yi ƙoƙarin riƙe ɗan abin da ya rage. Ya ce da an zo da wuri da an ceci mai yawa. Ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗansa? Wane aiki kake yi?" Na sunkuyar da kai na ce noma. Na kasa buɗe baki in ce ni ma'aikacin lafiya ne, wanda kullum yake bin rugage yana yi wa mutane wa'azin su riƙa zuwa asibiti da wuri. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha ta.

Inna ta ba ni sauran labarin tana kuka. Ta ce ita take jera masa kayan aiki a akwati kowace safiya, kowane a gurbinsa, don hannunsa ya same su ba sai ya duba ba. Ta ce ta roƙe shi ya gaya mini ya fi a ƙirga, ya ce yaron yana da nasa aikin, kuma in Likita ya ji asibiti zai kai shi, in an je asibiti gari ya ji.

Gari kuwa ya ji. Kafin mu dawo daga Makarfi labari ya riga mu isa. Mutane suka yi ta zuwa dubiya, da fura, da kaji, da addu'a, ba wanda ya faɗi maganar banza. Hannun ya warke amma ya sandare, ba ya iya matse sifana da shi sosai. Duk da haka ranar da aka kwance ɗaurin, washegari ya sa aka kai masa akwatinsa gindin tsamiya. Abin da ya ji tsoro shi ne ya faru, kuma ba ta hanyar ƙiyayya ya zo ba. Tausayi ne. Mutum zai turo kekensa da sarƙa a tsinke, ya tsaya ya gaishe da Baba da kyau, ya tambayi jiki, sannan ya ci gaba da turawa zuwa ƙauyen gaba, wai kada a wahalar da tsoho. Baba yana jin ƙarar sarƙar tana jan ƙasa har ta yi nisa. Haka zai wuni, ya rufe akwati da la'asar bai yi wa kowa gyara ba.

Koren keken kuwa wata guda ya yi a zaure ban iya ko kallonsa ba. Baba ne ya aiko Inna ta ce in kai masa. Ya sa na tsuguna a gabansa, yana faɗa ina yi, na kwance wayoyin birkin na sauya musu gurbi, hagu ya koma na baya. Da na gama ya bi kowace waya da yatsunsa tun daga sama har ƙasa, ni kuwa na riƙe keken na yi tsit har ya kai ƙarshe. Damina ta sauka, keken ya yi duk abin da aka saye shi dominsa. Ƙanƙarata ba ta sake narkewa a hanya ba. Amma ban taɓa hawansa na ji daɗin da na yi mafarki ba.

Ganin yadda Baba yake wuni shi kaɗai ya sa na ƙirƙiro wata dabara. In na taso daga aiki, kafin in shigo gari sai in tsaya a bayan wata gona in sassauta wani abu a jikin keken. Yau in zame sarƙa, gobe in kwance sirdi, jibi in sace iskar taya. Sai in turo shi gindin tsamiya in ce, "Baba, ya sake yi." Ya karɓa ya lalubo matsalar, ya gyara da hannun hagu, ni ina riƙe masa. Na yi kusan wata biyu ina haka, ina ganin na iya wayo.

Wata la'asar na kawo masa da notin feda a kwance. Ya taɓa shi, ya juya shi sau ɗaya, sai ya ajiye sifanar a cinyarsa.

Ya ce, "Likita, notin da hanya ta kwance da wanda sifana ta kwance ba ɗaya ba ne. Tun ranar farko na sani."

Na rasa inda zan sa kaina. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ka daina wahalar da keken nan, bai yi maka laifi ba. Ni ma ka daina biyana bashin da ban bi ka ba. Abin da ya faru rubutacce ne." Sannan ya matsa gefe a kan buhun da yake zaune, ya daki wurin da tafin hannu. "In zama kake so, zo ka zauna."

Ina da shekara talatin da 'yan kai a lokacin, da mata da 'ya'ya. Na zauna kafaɗata tana taɓa tasa, na yi kukan da ban yi a kasuwar Makarfi ba. Bai hana ni ba har aka kira magariba, na kama hannunsa muka tafi masallaci.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Sana'ar ba ta dawo ba, ɗan ganin da ya rage ma daga baya ya tafi. Amma kusan kowace la'asar ta waɗannan shekarun a kan buhun nan na yi ta, kuma a cikinsu na san mahaifina fiye da duk shekarun da suka gabata. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Abin da ranar ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Ruwa ba ya tsami banza. In ka ga babban da bai saba nawa ba ya fara nawa, ko wanda bai taɓa ce maka a'a ba ya ce ka nemi wani, kada ka tsaya lissafin abin da mutane za su ce. Ka ja shi gefe ka tambaye shi lafiya. Iyayenmu ba sa cewa sun gaza, sai dai su kewaya, kuma su kan kewaya sau ɗaya ko sau biyu ne kawai, daga nan sai su tattare riga su hau abin da ka ce su hau, don kada su ba ka kunya.